Kamfani na son in biya kafin in ga takardunsu, haka ake sayen faranshiz?

Ɗan Wadata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san wannan harka, don ni dai kaina ya ɗaure. Ina da shagon kayan masarufi nan Yamai shekara 11 kenan, Alhamdulillahi na ɗan tara abin da na tara, to watan jiya wani abokina ya haɗa ni da wani mutum wakilin wani kamfanin soyayyar kaza da sanwic daga Abijan, wai suna son shigowa Nijar amma ba su za su buɗe da kansu ba, mutum za su ba sunansu da tambarinsu da sirrin haɗin yajinsu, shi ya zuba kuɗinsa ya buɗe, su kuma su riƙa karɓar kasonsu duk wata. Faranshiz dai kamar yadda suke faɗa. Mun zauna sau 2 a wani otel a Filato, ya nuna min hotuna a waya, layin mutane har bakin titi, ya ce kuɗin shiga miliyan 8 na sefa ne, sannan kaso 6 cikin 100 duk wata da wani kaso 2 na talla, gyaran wuri da injuna kuma wannan nawa ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne ya ce in ba da miliyan 2 kafin alƙalami don su riƙe min Yamai kada su ba wani, wai akwai wani Alhaji da ke bin su da kuɗi a hannu, kuma sai na biya wannan ne za su turo min kwantiragin in karanta. Na ce to in gani tukuna mana, ya yi dariya ya ce sirrin kamfani ne ba a ba kowa. Da na kira ɗan yayata da ke karatu a Faransa sai ya ce kawu kada ka ba da ko dala sai sun ba ka wata takarda da ake kira DIP, wai can doka ce. Ni ban taɓa jin ta ba. Mece ce wannan takarda, me ke cikinta, kuma mu nan Nijar muna da ikon cewa sai an ba mu ita? Ran Alhamis mai zuwa mutumin ya ce zai koma, ku taimaka.

Baƙon Liyon

Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗanka ya yi maka gata wallahi, ka ƙara masa kuɗin kati. Ni shekara 9 ina aiki a wani gidan burodi nan Liyon ta Faransa wanda shi ma faranshiz ne, kuma na ga lokacin da maigidana ya sayi na biyu, don haka na ɗan san kan abin.

DIP taƙaitawa ce ta faransanci, ma'anarta takardar bayani kafin a ƙulla yarjejeniya. Asalinta wata doka ce ta ranar 31 ga Disamba 1989 da ake kira dokar Doubin, sunan ministan kasuwanci na lokacin, sai a 1991 aka fitar da bayanin abubuwan da dole a rubuta ciki, yanzu tana cikin kundin dokokin kasuwancinsu a aya ta L330-3. Abin da ta ce a taƙaice, duk wanda zai ba ka sunansa ko tambarinsa ka yi kasuwanci da shi kuma ya ɗaure ka cewa kayansa kaɗai ko kusan kayansa kaɗai za ka sayar, to dole ya miƙa maka wannan takarda tare da kwafin kwantiragin aƙalla kwana 20 kafin ka sa hannu. Kuma ka lura da nan don shi ne ya shafe ka, in ma wani kuɗi za a karɓa kafin sa hannu, irin na riƙe wuri ɗin nan da mutuminka ke nema, to kwana 20 ɗin kafin biyan kuɗin ake ƙirga su, kuma sai an rubuta me za a yi maka da kuɗin da kuma yadda za ta kaya in wani ya fasa. Wato abin da ya ce maka biya sannan ka gani, a Faransa kai tsaye ya taka doka.

Me ke ciki? Sunan kamfani da inda hedikwatarsa take da lambar rajistarsa da bankin da yake hulɗa da shi, su waye shugabannin kuma me suka yi a shekaru 5 na baya, lambar rajistar tambarin, lissafin kuɗin kamfanin na shekara 2 da suka wuce, bayanin halin da kasuwar take ciki a ƙasa baki ɗaya da kuma a garin da za ka buɗe, tsawon kwantiragi da yadda ake sabunta shi ko a soke shi ko ka sayar wa wani, da kuɗin da za ka kashe musamman saboda tambarinsu kafin ka buɗe ƙofa. Amma a wurina duk wannan ado ne in aka kwatanta da abu guda, jerin sunayen waɗanda suka riga ka saye da adireshinsu (in sun wuce 50 to 50 mafi kusa da kai za a ba ka), da kuma adadin waɗanda suka fita a shekarar da ta gabata, tare da faɗin ko wa'adi ne ya cika ko soke kwantiragin aka yi. Maigidana da ya karɓi tasa bai ma tsaya kan sauran shafukan ba, mota ya hau ya yi kwana 3 yana bin shagunan nan ɗaya bayan ɗaya yana shan kofi da masu su, ya dawo ya ce abin da ya ji a bakinsu ba ya cikin kowace takarda.

Sai dai kada in yaudare ka, tarar wanda ya ƙi ba da ita ba wani abin kirki ba ce, yuro 1500 ne, kusan miliyan 1 na sefa tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 yake. Abin da kamfanoni ke tsoro shi ne alƙali ya rushe kwantiragin gaba ɗaya in mai saye ya nuna cewa da ya san gaskiya da bai sa hannu ba. Kuma dokar Faransa ce fa, ba ta bin mutumin Abijan zuwa Yamai.

Hajiyar Yantala

Ɗan Wadata ƙanena, gemun ƴar'uwarka ne ya riga ya kama wuta, to ka shafa wa naka ruwa, ko da yake mu ba mu da gemu. Ni na yi irin wannan a 2021 da wasu masu kayan gyaran jiki da gashi, ba zan kama suna ba don har yanzu maganar ba ta mutu ba. Hotuna masu kyau, madam mai daɗin baki, ta kira ni yaya ta kira ni Hajiya, na biya kuɗin shiga na gyara shago na sa fenti irin nasu har kayan ma'aikata daga wajensu na saya. Kwantiragin shafi 30 da wani abu cikin faransancin lauyoyi, ranar sa hannu na fara ganinsa, ga mai hoto a tsaye ga lemo an jera, wa zai ce tsaya in karanta? Kunya ta kama ni na sa hannu.

Abin da ya karya ni yana shafin da ban karanta ba. An rubuta duk kayan da zan sayar daga wajensu zan saya, a farashin da suka yanka, kuma akwai ƙa'idar abin da dole in ɗauka duk wata 3 ko na sayar ko ban sayar ba. Da farko lafiya lau. Da aka rufe iyakar Gaya da Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, abin da ke zuwa cikin sati 3 ya koma wata 2 wani lokaci fiye, kuɗin mota ya ninka, ni ce mai biya, ga irin kayan nan a Babbar Kasuwa da araha amma ba ni da ikon in saya in zuba a shagona. Shago ya yi wata guda kantoci wayam kuma ranar 5 ga wata sai ga saƙo ana tambayar kason wata. Daga baya ne na ji ashe akwai wata mata a wata ƙasa maƙwabciya da ta rufe nata tun kafin ni in fara, da na sami lambarta muka yi magana minti 40 ta faɗa min duk abin da ya same ni tun kafin in ba ta labari. Da wannan jerin sunaye da Baƙon Liyon ke faɗa ya shigo hannuna tun farko ai da kira ɗaya ya ishe ni.

Kai da kaza za ka yi ma naka ya fi nawa haɗari, ka tambaye su kajin daga ina? Yajin da garin da man suyar dole daga Abijan ko za ka iya saye nan? In kaya suka maƙale a hanya wa ke ɗaukar asarar? Ga kuran da ke ɗaukewa lokacin zafi, firigo cike da kaza a watan Afrilu ba ya jiran kowa, sai ka sa gurup da man da zai sha cikin lissafi, su can ba za su tuna maka ba.

Ɗan Ader

Salamu alaikum. Ni hwa daga Tawa nike kuma ban ga mi za a saye ba a nan. Miliyan 8 don suna? Mu da munka yi shekaru muna tahiya Abijan muna ganin gidajen ga, kaza ce da yaji da mai, ba wani abu. Ka ɗauki miliyan 8 ɗin ka sami yaro mai hannu wanda ya iya suya, ka rubuta sunanka bisa allo, ribarka taka. Iyayenmu sun kai albasar Galmi har Abijan da Akara ba su sa hannu ga takardar kowa ba, amana ce da sanin asali, in mutum ya ci ka an san gidansu. Wanga da kunka gamu da shi a otel wa ya san gidansu? Kuma duk mai ce maka yi maza wani Alhaji na jira, dillalin shanu ma haka yake cewa ran kasuwa.

Ɗan Wadata

Hahaha Ɗan Ader ka kashe ni da dariya, wallahi maganar dillalin nan gaskiya ce. Amma ka san yaran yanzu suna suke bi, ƴaƴana ma in sun ga abu a TikTok shi ke nan. Ba kazar kaɗai nake saye ba, tsarin ne, koyar da ma'aikata, yadda ake lissafin kaya kada yara su cinye ka, ni a nan nake da rauni. Hajiya Allah ya mayar miki da alheri, maganarki ta shige ni. To yanzu tunda dokar ta Faransa ce, ni me zan riƙe a hannu in na koma wajensa? Akwai lauya a nan?

Malam Mai Shari'a

Akwai ɗalibin lauyoyi dai, Alhaji, ina aiki a ofishin wani lauyan kasuwanci nan Yamai. Abin da zan faɗa ba zai maye zaman da za ka yi da lauya da takarda a gabanku ba, amma ga yadda abin yake.

Harkar kasuwanci a Nijar da Kodibuwa duka dokokin OHADA ne ke tafiyar da mafi yawanta, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, ƙasashe 17, babbar kotunta ma tana Abijan ɗin. Akwai dokarta kan kamfanoni, kan jingina, kan karɓo bashi, kan sasanci, amma babu wata ta musamman kan faranshiz, balle ta tilasta wa mai sayarwa ya ba ka takardar bayani kwana kaza kafin sa hannu. A Afirka waɗanda suka yi irin wannan doka akwai Tunisiya a 2009, su ma kwana 20 suka sa, da Afirka ta Kudu inda ake ba da takardar kwana 14 kafin sa hannu kuma bayan ka sa hannun ma kana da ranakun aiki 10 da za ka iya fasawa ba tare da ka biya komai ba. Mu abin da ya rage mana shi ne ƙa'idar kwantiragi ta gama-gari, wato in an yaudare ka da gangan har ka yarda da abin da da ba za ka yarda ba, kana iya neman kotu ta rushe. To amma kai ne za ka kawo hujja, kuma hoto a waya da hira a otel ba hujja ba ne, zai ce shi bai faɗa ba.

Saboda haka abin da doka ba ta ba ka ba sai ka karɓa da bakinka. Kai ne mai kuɗi, shi ne ya hau jirgi ya zo. Rubuta masa wasiƙa, a takarda ko ta imel ba murya a WhatsApp ba, ka ce kafin ka ci gaba kana son abubuwa kaza da kaza a rubuce da sa hannun shugaban kamfani da hatiminsu, ka kwafi jerin da Baƙon Liyon ya kawo kawai. In ya ce sirri ne ka ce ka yarda ka sa hannu a takardar riƙe sirri, abu ne da ake yi kullum, shafi ɗaya ce ko biyu. Daga nan uzurin sirri ya faɗi. Sannan ranar kwantiragi a sa aya guda da ke cewa wannan bayani da suka ba ka wani ɓangare ne na yarjejeniyar kuma a kansa ka dogara ka sa hannu, a liƙa shi a baya. Wannan ayar ita ce ke mayar da zancen baki ya zama abin da alƙali zai iya kamawa.

Abu biyu kuma da za ka iya bincikawa da kanka ko shi bai so ba. Na farko tambarin. Nijar da Kodibuwa duka suna cikin OAPI, hukumar da ke rajistar tambari mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, rajista ɗaya tana aiki a ƙasashenta 17 har shekara 10 kuma ana sabuntawa. Ka nemi lambar rajistar da kwafin takardar shaidar, ka duba sunan wa ke kai, kuma wa'adin bai ƙare ba? Na taɓa ganin fayil inda mai sayar da sunan bai taɓa yi masa rajista ba sam, wato iska ya sayar. Kuma lasisin da za su ba ka na amfani da tambarin a rubuta shi a rajistar OAPI ɗin don ya yi ƙarfi a kan wani na waje. Na biyu shi kansa wakilin. Ma'aikacin kamfanin ne, ko dillali ne mai cin la'ada, ko kuwa wani ne da shi ma ya sayi ikon yankin yake sayar maka da reshe? In na ukun ne to ka sani ranar da tasa yarjejeniyar da masu sunan ta mutu taka ma ta bi ta. Ka nemi lambar RCCM ta kamfanin, wato lambar rajistarsa ta kasuwanci, kuma ko sisi kada ya shiga asusun da ba sunan kamfanin ba.

Sai ayar da kowa ke tsallakewa don tana can ƙarshe, in rigima ta tashi ina za a je kuma dokar wace ƙasa za a bi. In an rubuta Abijan ko Paris, to ka lissafa kuɗin jirgi da otel da lauyan can, za ka ga rigimar miliyan 5 ba ta cancanci tafiyar ba, su kuma sun san haka shi ya sa suke rubutawa. Ka nemi a sa kotun kasuwanci ta Yamai, in sun ƙi a daidaita kan sasanci. Miliyan 2 ɗin nan kuwa, in har ka ga sai ka riƙe wurin, a ajiye su hannun noter, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida takardun yarjejeniya, da sharaɗi a rubuce cewa in ka karanta takardu ba ka gamsu ba kuɗinka su dawo cif.

Kontabul Bukoki

Malam ya gama magana ta fuskar doka, ni bari in shigo ta wajen lissafi, kuma in ƙara da na Amurka don ƙanena na can yana tuƙin babbar mota ya taɓa turo min irin takardar tasu lokacin da yake son sayen wani faranshiz na wanke ofisoshi, ni na karanta masa ita, ta fi shafi 200 sai da na yi sati.

Su FDD suke ce mata, hukumar kasuwancinsu ta tarayya FTC ce ta kafa ƙa'idar, ta fara aiki a 1979 aka sake gyara ta a 2007. Babi 23 ne a jere kuma kowane kamfani jeri ɗaya yake bi, shi ya sa kana iya ajiye ta kamfani biyu gefe da gefe ka gwada. Kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya komai. Babi na 3 shari'o'in da kamfanin da shugabanninsa suka shiga, na 4 ko sun taɓa karyewa, na 5 da na 6 kuɗin shiga da duk wasu kuɗaɗen da za su riƙa cira, na 7 jimillar abin da za ka kashe kafin ka tsaya da ƙafarka har da kuɗin riƙe kai na watannin farko, na 8 shi ne ciwon Hajiya wato inda aka tilasta maka sayen kaya da kuma ko kamfanin na cin riba a kan wannan sayen, na 12 yankinka, na 17 yadda ake rabuwa, na 20 adadin shagunan da aka buɗe da waɗanda aka rufe cikin shekara 3 da lambobin waɗanda suka fita, na 21 lissafin kamfanin wanda mai binciken kuɗi na waje ya tantance. Amma ku ji abin mamaki, babi na 19 wanda shi ne kowa ke son gani, nawa zan samu, ba dole ba ne su cika shi. In sun ga dama su ce ba mu faɗin komai a kan wannan. Abin da aka hana shi ne wakili ya faɗa maka adadi da baki alhali ba ya cikin takardar. Kuma ita FTC ba ta karanta takardar ta ce gaskiya ce ko ƙarya, kai ne za ka yi aikinka. A Faransa ma ba a tilasta musu su yi maka hasashen ciniki ba. Ita ma ta Amurkan shagon da za a buɗe cikin Amurka ta shafa, ko kamfanin can ne ya zo Yamai ba dole ya ba ka ba, sai dai tunda yana da ita a aljihu ka roƙa.

To Alhaji ga tambayata, layin mutanen da ka gani a hoto, ya faɗa maka nawa shago ɗaya ke sayarwa a wata? In ya faɗa ka ce ya rubuta, ya kuma rubuta wane shago ne, a wace unguwa, wace shekara. Don cinikin unguwar masu kuɗi a Abijan ba shi ne cinikin Yamai ba, mutanen can sun ninka mu yawa nesa ba kusa ba kuma aljihun ba ɗaya ba.

Sannan kaso 6 da kaso 2 ɗin nan, na ciniki ne ba na riba ba, nan mutane ke faɗawa rami. Mu ɗauka misali kawai ka sayar da na miliyan 10 a wata. Nasu jika 600 da jika 200, jika 800 kenan, kafin ka biya kaza da haya da albashi da kuran da lampo. In bayan ka biya waɗannan duka abin da ya rage maka miliyan 1 da rabi ne, to ka ga sun ɗauki fiye da rabi, kai da ka zuba jari kana kwana a shago ka tashi da jika 700. Watan da ka faɗi kuwa su ba su faɗi ba, kasonsu na nan. Ka tambaya kuma ana lissafa kason ne kafin a cire harajin ciniki na TVA ko bayan an cire, tunda namu 19 cikin 100 ne bambancin ba ƙarami ba ne, kuma kuɗin tallan nan a ina za a kashe shi, in allunan Abijan za a yi da kuɗinka to sadaka ka yi musu. Ka je wajen mutanen lampo ko wani kontabul ya duba maka abin da ake cirewa in za a tura irin wannan kuɗi waje da kuma wanda zai ɗauki nauyinsa tsakaninku, a rubuta shi tun yanzu.

Ɗan Ader bai yi ƙarya ba fa, sau da yawa in ka yi lissafin nan sai ka ga gara naka na kanka. Inda na saɓa da shi, in tsarin nasu na gaske ne, suna zuwa su koyar, suna da littafin aiki, suna ɗaga waya in injin ya lalace, to yana iya cin kuɗinsa. Waɗanda suka riga ka shiga ne kaɗai za su gaya maka ko haka ne.

Ɗan Ader

To ai kun dawo ga magana ta, a tambayi mutane. Ɗan Wadata in sun ba ka sunayen shagunan ka turo min ta ciki, muna da yara ƴan Tawa cike da Ajame da Tireshbil can Abijan, wani ma cikin irin gidajen ga yake aiki. Kwana biyu za su gaya maka ko layin na kullum ne ko na ranar da anka buɗe ne anka raba kyauta.

Ɗan Wadata

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda aka kwana. Jiya da dare ni da ɗan yayata muka rubuta wasiƙar ta waya, abu 12 muka jera, na ce ina son kwana 20 daga ranar da takardun suka iso hannuna, kuma na yarda da takardar riƙe sirri kamar yadda Malam ya ce. Na kai masa otel da safe. Ya karanta fuskarsa ta ɗan canza, ya ce lambar RCCM da ta tambari ba matsala zai turo yau, kwantiragi ma zai yi magana da ofis, amma lissafin kamfani da sunayen waɗanda suka fita wannan sai shugabansu ya yarda, wai ba a taɓa tambayarsu ba. Na ce shaguna nawa ne ma gaba ɗaya, ya ce 7, na ce nawa ne na kamfani nawa ne na waɗanda suka saya irina, ya yi shiru ya ce 5 nasu ne 2 na mutane, kuma ɗaya daga cikin biyun ana gyara. Ban san wane irin gyara ba ne. Maganar Alhajin da ke jira da kuɗi a hannu kuwa yau bai tayar da ita ba ko sau ɗaya.

Ɗan Ader duba saƙonka, na turo maka unguwar da ya ce shagon da ake gyaran yake. Malam Mai Shari'a in lambobin sun iso zan neme ka, nawa ne kuɗin zama a ofishinku?